Malam Aminu Kano, Ɗan Gidan Alƙalai Da Ya Tsaya Wa Talaka

 A wannan fili an saba kawo tarihin malamai da shaihunnai da alƙalai na da. To, wannan mako ma ba mu kauce wa al'ada ba, ko da yake mutumin da za mu ba da tarihinsa yawancin jama'a a fagen siyasa suka san shi. Shi ne Malam Aminu Kano, Allah Ya jiƙansa. Dalilin da ya sa muka ga ya cancanci wannan fili shi ne, da yawa daga cikin samarinmu na yanzu sun ɗauka ra'ayin neman sauyi, watau a sauƙaƙa wa talaka, a ba mace ilmi da ƙuri'a, a tuhumi shugaba in ya karkace, baƙon kaya ne da jirgi ya sauke mana daga ƙasashen Turai. Waɗansu ɗaliban Arabiyya kuma gani suke duk mai irin wannan ra'ayi addininsa da rauni. Alhali kuwa tarihin Malam yana nuna cewa a ƙasar nan wannan ra'ayi a zauren karatu ya yi tsiro, daga cikin littattafan da har gobe muke buɗewa a gaban malamanmu.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, ran 9 ga watan Agusta 1920, wanda ya yi daidai da watan Zulƙida na shekarar 1338 ta Hijira. Mahaifinsa Malam Yusufu Bafillace ne daga zuriyar Gyanawa, waɗanda aka sani a Kano da malanta da alƙalanci tun zamanin jihadi. Mufti ne a kotun Alƙalin Kano, watau malamin da ke zaune kusa da alƙali yana taimaka masa da rubutu da binciko hukunci a cikin littafi. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma 'yar gidan malamai ce, mai karatu, kuma a cikin gida ya soma riƙe allo tun kafin a kai shi gaban wani malami. Wanda duk ya tashi a irin wannan gida, kunnensa ya saba da Risala da Muhtasar da Tuhfatul Hukkami tun bai san ma'anarsu ba, kuma idonsa ya saba da ganin masu ƙara suna durƙushe a zaure, wannan an ci masa gona, wancan an danne masa gado.

Akwai kuma wani jerin littattafai da gidajen malaman Kano ba su rabuwa da su, su ne na shugabannin jihadi. A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin wanda bai san abin da ke cikinsu ba ba zai gane inda Malam ya dosa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya jera al'adun mulki da ya ce ba na Musulunci ba ne, ya kira su da sunayensu na Hausa. A cikinsu akwai jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da ake kai wa masu mulki don neman biyan bukata, da ƙwace kayan 'yan kasuwa ba tare da biya ba. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, da ya ga waɗansu daga cikin jama'ar jihadi sun soma karkata ga tara dukiya da dawaki da sarauta, sai ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A Kano mutane suka tsai da shi, ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a. Kafin su duka ma, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa a kan wajiban sarakuna. Ashe ke nan tuhumar mai mulki da ma'aunin shari'a tsohuwar sana'a ce a birnin da aka haifi Malam.

Ya shiga makarantar elementare ta Shahuci yana da shekara goma, daga nan ya wuce Midil ta Kano, sa'an nan Kwalejin Kaduna, wadda asalinta Kwalejin Katsina ce, ita ce yau ake kira Barewa. Ya gama a 1942. Tun yana ɗalibi ya shahara da shirya wasannin kwaikwayo na Hausa, inda yakan yi wa masu cutar baƙauye a kasuwa da masu karɓar hanci shaguɓe. A wajen wannan lokaci ne kuma mahaifinsa ya riƙe muƙamin babban alƙali na wucin gadi amma ba a tabbatar masa ba, abin da ya sosa ran saurayin ƙwarai, har ya rubuta wata ƙasida da Turanci yana sukar yadda En'e ta Kano ke danne mutane.

Aikinsa na fari shi ne koyarwa a Midil ta Bauchi. Can Allah Ya haɗa shi da mutum biyu da suka shiga tarihin Nijeriya. Na ɗaya Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutum mai sanyin hali, mai ganin a bi gyara a hankali. Na biyu Malam Sa'adu Zungur, ɗan gidan limamai, masanin Alƙur'ani da fiƙihu, mawaƙi, wanda shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar Kwalejin Yaba a Ikko. Malam Sa'adu ya girme shi da 'yan shekaru, kuma shi ne ya zama masa jagora a tunani. Tare suka riƙa zaman muhawara a Bauchi, da fari da yardar Turawan mulki, har muhawarar ta taɓo En'e da albashin sarakuna aka rufe ta, su kuma suka kafa tasu ƙungiyar ta neman ci gaban Bauchi. Malam Sa'adu ya rasu a 1958 bayan doguwar jinya, kuma daga baya Malam Aminu ya rubuta littafin tarihinsa da Hausa, don sauke hakkin almajirci.

A 1946 aka tura shi London ƙaro ilmin koyarwa. Can ya ga yadda talakan Ingila ke kayar da gwamnati da ƙuri'arsa, ya zauna da 'yan jam'iyyar Leba masu ra'ayin gurguzu, ya karanta labarin Gandi na Indiya da hanyarsa ta yin tsayayya ba da makami ba. Ba mai musun cewa waɗannan sun yi masa tasiri, musamman wajen dabarun kafa ƙungiya da haƙuri da duka. Amma a ganinmu taki ne aka zuba wa shukar da ta riga ta fito. Da ya komo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, aka kuma tura shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa da begen fansho, ya koma Kano ba shi da komai sai littattafai.

Kafin ya iso, ran 8 ga Agusta 1950, waɗansu samari a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule, sun riga sun kafa jam'iyyar NEPU, wadda Hausawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, mai alamar tauraro. Malam ya shige ta, a 1953 ya zama shugabanta, kuma bai sauka ba har soja suka rushe jam'iyyu a 1966.

To, mece ce damuwar da suke neman sawaba daga gare ta? Mu mutanen ƙasar Haɗeja ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin dattawan da suka ga abin da idonsu ba su ƙare ba tukuna. Tun da Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi a 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jarumansa, sai suka bar sarauta a wurinta amma suka juya ta ta zama hannun karɓar kuɗi. Aka tattara zakka da sauran kuɗaɗen da ake biya a da aka mai da su haraji guda, a biya da tsabar kuɗi, wani kaso ya shiga baitulmalin En'e, wani ya tafi ga gwamnatin Turawa. Da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Kano ta bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ta kai Nguru wajen 1930, sai gyaɗa ta zama ita ce kuɗin haraji. Garinmu na Malam Madori da tashar jirgin ya girma, kamfanoni suka kafa kantuna da sikeli, manomi ya kawo gyaɗarsa a kan jaki, a saya a farashin da ba shi ya yanka ba, kuɗin su wuce hannun mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi. Shekarar da gyaɗa ta ƙi, haraji ba ya ƙi. Wanda ya kasa biya a shanya shi a rana a ƙofar dagaci, ko a kama akuyar matarsa, ko ya sulale da dare ya tafi cin rani. Ga kuma aikin tilas na gyaran hanya da noman gandun masu sarauta. Bafillace kuwa da ke kiwo a fadamun kogin Haɗeja, da lokacin jangali ya zo sai ya raba garke biyu ya ɓoye rabi a daji, ko ya ƙetare iyaka.

Mai karatun fiƙihu yana duban wannan zai ga inda aka saɓa. Zakka tana da nisabi, wanda bai kai shi ba ba a taɓa shi. A shanu sai sun kai 30 sa'an nan a fitar da ɗan maraƙi guda, in sun kai 40 a fitar da saniya matashiya. A hatsi sai ya kai wusuƙi 5, kuma shari'a ta duba wahalar manomi, ta ce wanda ruwan sama ko ambaliyar kogi ya shayar masa ya ba da ɗaya cikin 10, wanda kuwa ya sha wuyar ɗebo ruwa da jigo ya ba da ɗaya cikin 20. Sa'an nan an ƙayyade waɗanda za a ba, kashi 8 ne, matalauta da miskinai ne a kan gaba. Haraji kuwa kan mutum yake bi, ko ya girbe dami ɗari ko bai girbe ko zangarniya ba. Jangali ma kan saniya yake bi, mai 5 da mai 500 duk a ƙirga. Watau zakka daga mawadaci take gangarowa zuwa ga matalauci, haraji kuwa daga matalauci yake hawa zuwa sama. Wannan bambanci shi ne jigon abin da Malam da mutanensa suka yi ta faɗa a dandali da kasuwanni, kuma shi ya sa maganarsu ta shiga kunnen teloli da mahauta da 'yan koli da malaman allo, musamman a garuruwan da ke bakin hanyar jirgi, inda baƙi suka taru kuma labari ke saurin isowa.

Abu na biyu shi ne kotuna, kuma nan ne abin ya fi yi wa ɗan gidan alƙalai ciwo. A wancan zamani kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk a ƙarƙashin En'e suke, Sarki kuma yana da tasa kotun. Lauya ba ya shiga. Jam'iyyar NPC mai mulkin Jihar Arewa kuwa yawancin manyanta ma'aikatan En'e ne da 'ya'yan sarauta. Saboda haka wanda ka yi takara da shi jiya, yau ɗan'uwansa ne zai ba ka izinin yin lacca ko ya hana, gobe kuma abokinsa ne zai yi maka shari'a. Da yawa daga cikin 'yan NEPU an ɗaure su, an yi musu bulala, an ci su tara a kan laifin yin taro ba izini ko zagin shugaba, aka fake da babin ta'aziri, wanda malamai suka bar wa alƙali don gyaran jama'a. A Kano har wata ƙungiya ta 'yan ta'adda aka yi a shekarun 1950, ana kiranta 'Yan Mahaukata, aikinta dukan 'yan Sawaba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Malam bai taɓa cewa a kawar da shari'a ba. Kukansa shi ne a raba alƙali da fada, domin alƙalin da abincinsa ke hannun mai ƙara ba shi da 'yancin duba littafi.

Adalci ne mu faɗi cewa ɗaya ɓangaren ma yana da malamansa da hujjojinsa. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da mutanensa suna ganin Arewa tana baya a ilmin zamani, in ta rabu gida biyu 'yan Kudu za su mamaye ta, kuma sarauta ita ce igiyar da ta ɗaure jama'a. Sun yi aiki, sun gina makarantu da ma'aikatu da har yau ake cin moriyarsu. Waɗansu malamai kuma suka riƙa kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i mai umarni da biyayya ga majiɓinta al'amari, har suka kai ga kiran ɗan NEPU fanɗararre, a ƙi ba shi aure, a ƙi bin sa salla. Sai dai duk wanda ya buɗe Mus'hafi zai ga ayar da ke gaban wannan kai tsaye, ta 58, umarni ce ga masu riƙe da amana su mai da ita ga masu ita, su kuma yi hukunci da adalci. Malaman tafsiri tun da can sun ce ta farko ta shugabanni ce, ta biyu ta talakawa, kuma a jere aka saukar da su. An yi shekaru ana karanta wa talaka tasa, ana tsallake ta shugabanni.

A zaɓen 1951 NEPU ta yi rinjaye a matakin farko cikin birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe, ko kujera ɗaya ba ta kai ga samu ba. A 1954 Malam ya nemi kujerar Majalisar Wakilai ta Ikko ya faɗi a hannun Maitama Sule, wanda a lokacin ya koma NPC. Sai a 1959 ya ci mazaɓar Kano ta Gabas. Nan ma ya sami kansa a tsaka mai wuya, domin jam'iyyar NCNC da NEPU ke ƙawance da ita ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. Ga shi a Ikko yana ɓangaren gwamnati, har yana wakiltar Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ga mutanensa a ƙauyuka ana ɗaure su. A zaɓen 1964 ya rasa kujerar.

Akwai wani aiki nasa da 'yan siyasa ba su cika ambato ba, amma mu malaman makaranta bai kamata mu manta da shi ba. A farkon shekarun 1950 Malam yana cikin na gaba-gaba wajen buɗe makarantar Islamiyya ta sabon tsari a Kano, inda yaro zai zauna a aji, a koya masa Alƙur'ani tare da ma'anarsa, da Larabci a matsayin harshe, da fiƙihu da lissafi, maimakon ya shekara bakwai yana haddar abin da bai san fassararsa ba yana yawon bara. An yi wa makarantun nan tsangwama don an ce na 'yan NEPU ne. Yau kuwa babu unguwar da za ka shiga daga Kano har Birniwa ba ka ji muryar 'yan Islamiyya da yamma ba, kuma mafi yawansu 'yan mata ne. Game da mata, hujjarsa ita ce ta Shehu Usmanu a Nurul Albabi, inda ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, da kuma misalin Nana Asma'u da tsarinta na 'yan taru. NEPU ta nemi a ba matan Arewa ƙuri'a tun ana yi mata dariya. Ba su samu ba sai a 1976, suka kuma yi zaɓen ƙasa na farko a 1979. Shi kansa Malam bai bar karantarwa ba, yakan zauna tafsiri da watan azumi, kuma muryarsa tana nan a faifai ga mai son ji.

Bayan juyin mulki da rikicin 1966, Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a watan Mayu 1967, Kano ta sami jiharta, wadda ƙasar Haɗeja ke ciki har zuwa 1991 da aka yanke Jigawa. Malam yana cikin masu goyon bayan ƙirƙiro jihohi tun da daɗewa. Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya a 1967, daga baya na Lafiya daga 1971 zuwa 1974. Abin mamaki, a waɗannan shekaru na soja ne aka biya mafi yawan bukatun NEPU ba tare da an jefa ƙuri'a ba. Aka rufe kotunan sarakuna, aka mai da alƙalai ƙarƙashin gwamnatin jiha, aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma hannun Tarayya, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. A majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978, da aka yi zazzafar muhawara a kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a matakin Tarayya, Malam yana tare da masu neman a kafa ta. Waɗanda suka yi shekara ashirin suna cewa maƙiyin shari'a ne, ran nan ba su sami abin faɗa ba.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978 ya halarci tarurrukan farko na ƙungiyar da ta zama NPN, bai ga wurin zamansa a ciki ba, ya fita ya jagoranci PRP mai alamar mabuɗi. Hukumar zaɓe ta so hana shi takarar shugaban ƙasa a kan batun takardar biyan haraji, sai da kotu ta wanke shi. A zaɓen 1979 ya sami ƙuri'a wajen miliyan 1.7, kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasa duka, amma a Jihar Kano ya kwashe fiye da kashi 75. Alhaji Shehu Shagari bai kai kashi 20 ba a Kano, abin da ya jawo shahararriyar shari'ar nan ta kashi biyu cikin uku na jihohi 19. PRP ta sami sanatoci 7 da gwamnoni 2, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna. Suna hawa a watan Oktoba suka ba da sanarwar soke haraji da jangali. Wanda bai ga farin cikin da aka yi a ƙauyukan ƙasar nan ba ba zai gane nauyin abin da aka sauke ba. Gwamnatin Kano ta kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya a 1980, ta kai lantarki garuruwa da yawa. Ita ce kuma ta ba tsohon Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, wanda 'yan NEPU suka sha wuya a zamaninsa, damar barin Azare inda yake zaune tun saukarsa a 1963, ya dawo Wudil.

A nan akwai abin dubawa. Soke haraji ya kawar da wulaƙanci, wannan babu ja. Amma ba a maye gurbinsa da wani tsari mai nisabi ba, wanda zai karɓa daga mai hali ya bar maras hali. Sai ƙananan hukumomi suka koma zaman jiran kason man fetur daga sama, talaka kuma ya daina jin cewa kuɗinsa ne ake kashewa, balle ya tambaya. Kuɗaɗen da aka kora ta ƙofa kuma waɗansunsu sun dawo ta taga, a kasuwa da tasha da shingen hanya. Manomin fadama da ambaliya ta cinye wa shinkafa a 2022, ko wanda kacala ta toshe wa hanyar ruwa, ba ya tsoron dagaci kamar kakansa, amma har yanzu bai san ƙofar da zai buga a saurare shi ba. Rabin aikin aka yi, kuma laifin barin sauran ba na mamaci ba ne.

Shekarunsa na ƙarshe ba su yi masa daɗi ba. Tun a 1980 jam'iyyar ta dare biyu a kan halartar gwamnonin nan biyu taron gwamnoni 9 na jam'iyyun hamayya, abin da shugabannin jam'iyya suka hana. Masu bin gwamnoni aka kira su 'yan santsi, masu bin Malam 'yan taɓo. Almajirai suka riƙa jifan malaminsu da maganganun da ko abokan gaba ba su yi masa ba, gida ɗaya wa da ƙane ba sa gaisawa. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, gwamnoni suna ganin sai an haɗa kai da na waje za a ka da NPN, Malam yana ganin jam'iyya ce ta ɗora su kuma ita ya kamata su bi. Ana cikin haka majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a watan Yuni 1981. Ran 10 ga Yuli na shekarar kuma tarzoma ta tashi a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka ƙone ma'aikatu, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara a kan siyasa.

Duk da haka Malam ya shirya sake tsayawa takara a 1983, ya kuma ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Allah bai nufa ya ga zaɓen ba. Ya rasu ran Lahadi 17 ga Afrilu 1983, cikin watan Rajab 1403, yana da shekara 62. Jama'ar da ta taru a jana'izarsa ta haɗa 'yan santsi da 'yan taɓo da 'yan NPN, aka binne shi a cikin gidansa na Gwammaja. Mutumin da ya riƙe ma'aikatun Tarayya biyu har shekara bakwai, a lokacin yaƙi da lokacin da kuɗin mai suka soma shigowa, bai bar kamfani ko rukunin gidajen haya ba, sai wannan gida da littattafansa. Gidan yanzu yana hannun Jami'ar Bayero, ana kiransa Mambayya, an mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. An sa sunansa a filin jirgin sama na Kano, da asibitin koyarwa, da kwalejin shari'a da addinin Musulunci, da kuma dandalin taro na Dutse, babban birnin Jiharmu.

Allah Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan Malam Sa'adu Zungur da Sardauna da Tafawa Ɓalewa da sauran magabatanmu baki ɗaya, amin.